Darussan makarantar jinya sun yi miki yawa?

'Yar'uwa, kin ce darussa sun taru sun yi miki yawa, ga zuwa asibiti koyon aiki, ga jarrabawa ta ƙarato, kina tambayar ta ina za ki fara.

Ki fara da darasin sassan jiki da yadda suke aiki, don sauran duk a kansa suke zaune. Idan kin fahimci yadda ƙoda ke tace jini, darasin ciwon ƙoda da na magungunan sa fitsari za su zo miki da sauƙi.

Magunguna kuwa, kada ki haddace su ɗaya bayan ɗaya, ki riƙe su dangi-dangi. Masu ƙarewa da "olol", irin su atenolol da propranolol, dangi ɗaya ne, suna rage bugun zuciya da hawan jini. Kin ga kin rage wa kanki aiki.

Bayan kowace lacca, rufe littafin ki rubuta abin da kika tuna, ki sake bayan kwana 2, sannan bayan mako guda. Yawan maimaita karanta shafi ruɗi ne, sai mutum ya ɗauka ya iya.

Ranar da kika kwana a asibiti, ki yi barcinki tukuna. In kin tashi, minti 30 na bitar cutar majinyacin da kika kula da shi ya isa.