Me ya sa suke goge dutsen bayan bugu hamsin

Kai yaro, na ga saƙonka tun daren jiya, wai ka ga bidiyon mutanen Inuit na can ƙarshen arewacin Kanada suna buga hoto da dutse, kana tambaya me ya sa in sun gama bugu hamsin sai su goge fuskar dutsen, wai ba asara ba ce. Da ban yi niyyar tanka maka ba don ku yaran yanzu komai sai a waya, amma tambayar nan ta fama min tsohon miki.

Garin da ka gani Kinngait ne, da ana ce masa Cape Dorset, a wani ƙaramin tsibiri dab da tsibirin Baffin. A 1957 wani Bature James Houston ya fara gwada bugun da su, har Japan ya je a 1958 ya ga yadda ake yi da katako, su kuma da yake itace ba ya tsirowa a ƙasarsu sai suka koma kan dutsen da suka saba sassaƙawa. Cikin na farko akwai Kananginak Pootoogook, an haife shi 1935 ya rasu 2010, mafarauci ne tun yana yaro shi ya sa in ya zana tsuntsu kamar zai tashi. Shi ya fara shugabantar ƙungiyar haɗin gwiwarsu da aka kafa 1959. Yadda ake lailaye dutsen da shafa tawada kuma ba zan tsaya yi maka bayani ba, wata takwas kana shagona, in har yanzu ba ka san zane a juye ake sassaƙa shi ba to ka koma sayar da kati.

Kowace takarda ana rubuta mata lamba, misali 12/50, da hatimin mai zane da na mai bugu. Wanda ya saya ya san hamsin ne kacal a duniya, abin da ya biya kenan.

Ni nan da kake gani na taɓa yin wautar barin katako da rai. Sati shida na yi ina sassaƙa mahayin doki na hawan daushe a kan maɗaci, har lifidi da ɗan kwalkwali sai da na fitar, idona ya yi ja kamar garwashi. Na buga talatin, na sa hannu. Wani Alhaji dillalin kayan tarihi ya sayi goma, ya dawo yana ta zuba min kirari, maigida kaza gwani kaza, wai in sayar masa da katakon ma zai rataye a falonsa don ado. Ni kuma kai ya kumbura, na ba shi ko rubutu ba mu yi ba.

Bayan babbar sallah na shiga wani shagon tsaraba sai ga dokina jere a bango, takarda irin ta ƙunshin tsire, tawada ta malale ƙafar dokin ta haɗe da ƙasa, ga sunana an kwaikwaya a gindi. Lamba 7/30 sau uku na ƙirga ta a rana ɗaya wallahi. Wata baiwar Allah da ta sayi na gaskiya a hannuna ta dawo da shi tana min kallon ɓarawo, na mayar mata da kuɗinta. Da na sami Alhajin ko kunya, ya ce ai ya biya, kayansa ne. Sauran ashirin ɗin suna nan ƙarƙashin gadona har yau, gara ta ci uku.

Tun ranar in na gama bugu gizago nake sa wa katakon a gaban mai saye, ya gani da idonsa.

Gobe ƙarfe bakwai ka zo ka wasa wuƙaƙen nan da ka bari jiya, kuma wayar ta zauna a aljihu.