Kayan fara ɗaukar hoton kai na kullum

Ɗan'uwa, ka ce kana Garwa, kana son ɗaukar hoton kanka kowace rana har shekara ta zagayo, kuma kana tambaya ko sai ka sayi babbar kyamara. Ba sai ka saya ba. Wayarka ta isa, amma ka riƙa amfani da kyamarar baya, don yawanci ta fi ta gaba fitar da hoto.

Inda zan ce ka fara kashe sefa shi ne sanda mai ƙafa uku da ke riƙe waya. Ka saita agogon kyamara a daƙiƙa 10, ka koma wurinka a natse. Sannan ka yi alama a ƙasa, inda sandar take da inda kake tsayawa. Nan mutane da yawa suke kuskure: ranar da suka jera hotunan sai su ga kai na hawa yana sauka.

Hasken taga da safe ya wadatar. Ka fuskance ta, in ka ba ta baya fuska za ta fito da duhu. Rana tsaka tana zuba inuwa ƙarƙashin ido, ga zafin Maris da Afrilu mai wahalar da batir.

Lokacin hunturu ka goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi. In ƙura ta shige ciki, kai wa mai gyaran waya, kada ka buɗe da kanka. Ka tanadi fawa banki saboda ɗauke wuta, hotunan kuma ka riƙa tura su Google Photos, ana ba da 15 GB kyauta.