Tambayi Likita: An ga kumburi a ƙirjin ɗiyata, kansa ce?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗiyata mai shekara 24 tana ta ramewa alhali ba ta ƙyale tuwo. Hannunta na rawa har shayi na zubar mata, idanunta sun fiffito, zufa ko da hunturu. Muka kai ta Yamai, aka ce ciwon Basedow ne. Da aka yi hoton ƙirji sai aka ga wani abu ya kumbura bayan ƙashin ƙirji, wani ma ya ce sai an yi aiki. Tun ranar barci ya ƙaurace mini.
Wata uwa, daga Tawa

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Ban ga hoton ba, amma abin da ke zaune a wurin nan sunansa timus. Kowa na da shi. A jikin yaro, timus babba ne, a nan ƙwayoyin garkuwar jiki ke koyon bambance ɗan gida da baƙo. Bayan balaga sai ya riƙa motsewa, kitse ya maye gurbinsa.

Shi ciwon Basedow (likitan Jamus ne da ya bayyana shi a 1840, masu Turancin Ingilishi kuma suna danganta shi da wani likita mai suna Graves) garkuwar jiki ce ke tsokanar halittar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ta yi ta zubo sinadarinta fiye da ƙima. Wannan rikicin kan sa timus ya sake girma. Galibi ba kansa ba ce, kuma in an shawo kan ciwon wuyan yakan koma da kansa cikin watanni.

Shi ya sa ni ba na gaggawar wuƙa. A fara da magani: carbimazole, wanda akan sha wata 12 zuwa 18, da propranolol don bugun zuciya. Bayan kamar wata shida a sake hoto. In ya ragu, shi ke nan. In ya ƙi ko ya ƙaru, a nan ne za a zurfafa bincike. Ku riƙe hoton farko da kyau, don da shi za a gwada na biyu. Na sha ganin an baro shi a gida.

Abu biyu kada ku jira ranar komawa. In fatar idonta na faɗuwa da maraice, tana ganin abu biyu-biyu ko haɗiya na mata wuya, ku koma asibiti, don akwai ciwon kasalar tsoka mai alaƙa da timus. In kuma zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka kama ta tana kan carbimazole, ta dakatar da shi, a auna jininta a ranar.