Ma'anonin kalmar "time" a Turanci

Malama, kin tambayi dalilin da ya sa "three times" ba ya nufin ƙarfe uku. Ai kalmar "time" ba lokaci kaɗai take nufi ba. Idan ta biyo bayan lamba, ma'anarta "sau" ce: sau uku ke nan. Ƙarfe uku kuwa "three o'clock" ake cewa. Takan nufi zamani ma, kamar "ancient times", wato zamanin da.

Amma don Allah ki fi kula da "on time" da "in time", nan ɗalibai suka fi rikicewa. Jirgin da aka sa wa ƙarfe 7, ya kuma tashi ƙarfe 7 cif, ya tashi "on time". Ke da kika iso tun ba a rufe ƙofa ba, kin zo "in time", jirgi bai bar ki ba.