Kafin ka ɗaga eriyar nan sama

Ka ce kana jin matuƙan jirgi raɗau a rediyonka, amma hasumiyar filin jirgin Malam Aminu Kano shiru, wai ko ka ƙara wa wayar eriyar tsawo? Kada ka taɓa ta. Maganar jirage tsakanin megahas 118 da 137 take, kuma AM ce. Waya mai santimita 57 a tsaye, da ƙafafu huɗu a lanƙwashe ƙasa, ta wadatar. Yadda ake kama su da dalma kuwa ba zan faɗa ba. Shekara biyu kana shagona, in ba ka iya ba ka koma sayar da kati.

Ita wannan sigina sai an ga juna. Jirgin da ya kai ƙafa 35,000 za ka ji shi daga kilomita 300, hasumiya kuwa a ƙasa take, benaye da bishiyoyi sun tare ku. Doguwar sanda za ka kafa, ka ɗaga eriyar a kanta. To, a nan na sha wuya.

Ina da wata rediyo mai bin tashoshi da kanta, wani Alhaji ya sayo min a Jidda, sai da na yi wata bakwai ina biya. Na haɗa fayif biyu na ruwa, na ɗora eriya a kai, na kafa a bayan shago, na ɗaure da waya ta kusurwa uku. Ranar da na fara jin hasumiya tana ba jirgi izinin sauka, wallahi tuwona sai da ya huce a kwano. Bayan isha'i maƙwabta kan cika benci, ina fassara musu Turancin.

Wata Laraba a tsakiyar damina na tafi ɗaurin aure. Na ce wa yaron da ke wurina lokacin, da ka ga hadari ya haɗo daga gabas ka zare kebul daga bayan rediyo, ka jefar waje. Ya ce to, Maigida. Ashe ina juya baya ya ja ƙofa ya tafi gidan kallon ƙwallo. Aradu ta faɗi kusa. Na dawo na tarar da shago yana ƙauri, robar kebul ta narke ta manne da tebur, cikin rediyon ya yi baƙi ƙirin. Har talabijin biyu na mutane da ke jone na biya. Buɗar bakinsa sai cewa ya yi ai ya kashe soket. Soket! Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ku yaran yanzu kun samu 'yar na'urar kama tashoshi da ake soka wa kwamfuta, da arha kamar banza, shi ya sa ba ku san zafin kaya ba. Saboda aradu, ka kafa ƙarfe a ƙasa mai laima, ka haɗa shi da sandar da waya mai kauri ta jan ƙarfe, ka nisanci wayar lantarki. Saurare kawai za ka yi, ranar da ka aika murya a mitar jirage ban san ka ba. Gobe ka zo da kebul ɗin in duba kafin ka hau rufin kowa.