Amsar Baffa: Yadda Ɗan Tsere Ke Ajiye Keke

Ɗana, saƙonka ya iso, ka gaida mahaifiyarka. Ka ce gardama ta kaure muku a gidan kallo nan Sakkwato kan tseren keke na Faransa: in gwani ya tsufa yaya ake sallamarsa, kuma me ke sa sunan wani ya zube bayan ya bar fage. To, ji nan.

Su ba kamar 'yan kokawarmu ba ne, da mutum zai kwance laya ya ce ya bari, shi ke nan. Ɗan tseren keke sai ya rubuta wa UCI, hukumar tseren keke ta duniya, takarda. Dalili kuwa, muddin yana cikin manya, dole ya bayyana inda za a same shi na awa ɗaya kowace rana, saboda masu gwajin jini da fitsari. In aka neme shi sau uku cikin wata 12 aka rasa, hukunci ya hau kansa ko da jininsa fes yake. Wanda ya jingine keke bai rubuta ba, ƙirgar ba ta tsaya masa ba. In kuma fage ya sake kiransa, sai ya ba da sanarwar wata shida, ana gwada shi, kafin ya shiga tsere.

Sallama ita ce ba a rubuce take ba. Mark Cavendish ya ci zango, wato tseren yini ɗaya cikin gasar Faransa, karo na 35 a 2024, ya wuce 34 na Eddy Merckx. Ranar tserensa na ƙarshe a Singafo, abokan hamayya suka yi sahu biyu, kowa ya ɗaga tayar gaba sama tana juyawa, ya ratsa ta tsakiya.

Amma inda suna yake kwana, wurin yaran gida ne. Kowace ƙungiya mutum takwas take zubawa, bakwai aikinsu tare wa ɗaya iska, su koma baya wurin mota su cuso gorunan ruwa a riga su kawo masa, in tayarsa ta yi faci wani ya miƙa masa tasa. Shi ya sa al'ada ta ce mai rigar ɗorawa, wato wanda ke kan gaba a gasar, ba ya taɓa kuɗin nasara, Yuro 500,000, sai a raba wa yara da makanikai. Haka kuma ba a tsere wa mai rigar don sarƙar kekensa ta zame. Contador ya yi wa Andy Schleck haka a 2010, jama'a suka yi masa ihu a kan dandamali, har yau ana tuna masa.

Ni a ganina, maganar Lance Armstrong nan ta fi kamawa. Ya ci sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005, ya bari, ya dawo 2009, ya sake bari 2011. Sai 2012 aka ƙwace duka. Yaransa na dā guda 11 ne suka ba da shaida cewa ana allurar EPO, mai ƙara jajayen ƙwayoyin jini, ana kuma ɗebe jini a adana a mayar tsakiyar tsere. Ya amsa da bakinsa a 2013. Yanzu ma samfurin jinin da aka ɗiba ana iya ajiye shi shekara goma a sake dubawa, ko mutum ya daɗe da komawa gida.

Buɗe jerin zakarun a wayarka ka nuna wa abokan gardamarka: gurbin shekarun nan bakwai babu sunan kowa, ko na biyu ba a ba wa ba.