Ga 'yar'uwar da ke son haɗa katunan Barka da Sallah da hannunta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na karanta tambayarki, inda kika ce kina son ki haɗa katunan Barka da Sallah da 'yan takardun suna da ake ɗaurawa a jikin kyauta, tare da wasu ƙananan tsarabobi na hannu, ke da yaranki, amma ba ki san kayan da za ki saya ba, kuma kina tsoron kada ki kashe kuɗi abin ya fito ba fasali. Ni malamar firamare ce a Kano, kuma na shekara fiye da goma ina wannan aiki, da farko don 'yan ajina, daga baya don dangi da maƙwabta, har ya kai ana ba ni aikin walimar sauka da na suna.

Abin da ya fi kowane ado muhimmanci shi ne kwalin da za ki yi aikin a kansa. Farar takardar da ake buga wasiƙa da ita a ofis nauyinta giram 80 ne a kowane murabba'in mita, kuma da zarar gam ya taɓa ta sai ta yamutse, ba ta kuma iya tsayuwa a kan tebur. Ki nemi kwali mai nauyin giram 220 zuwa 300, wanda masu sayar da kayan makaranta da na ɗab'i suka sani sarai idan kika faɗi lambar. A nan Kano ina sayensa a Kasuwar Sabon Gari, amma shawarar da ta fi rage mini kashe kuɗi ita ce zuwa wurin masu buga katin biki da kalanda, domin kullum injin yankansu yana barin ragowar kwali mai kyau, dogaye da gajeru, waɗanda suke sayarwa da arha ko ma su ba ki kyauta idan kun saba. Ki guji mai sheƙi a fuska biyu, saboda tawadar biro ba ta kama shi, takan goge a hannun wanda ya karɓa. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta kuma ya kusa 30. Idan kika raba ta biyu kika ninke kowane rabi, kin sami kati biyu masu girman A6, wanda yake shiga ambulan ɗin C6 daidai. Idan kuwa takardun suna kike so, masu faɗin santimita 5 da tsawon 9, guda 12 ne za su fita daga A4 ɗaya.

Kafin ki ninke kwali, ki ɗora rula a kan tsakiyarsa ki ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, kina ɗan dannawa, sannan ki ninke a kan wannan layin ki murza da bayan cokali. Wannan ɗan aikin na daƙiƙa biyar shi ne yake raba katin da ya fito tsaf da wanda bakinsa ya farfashe. Haka kuma kowane kwali yana da ɓangaren da yake lanƙwasuwa cikin sauƙi da ɓangaren da yake turjewa, don haka ki gwada da guntu ɗaya kafin ki yanka sauran, ki riƙa ninkewa ta inda ya fi laushi. Yanka da reza da rular ƙarfe ya fi almakashi miƙewa, amma wannan aikinki ne ke kaɗai, kada ki bar wa yara.

Maganar gam ita ce inda na taɓa yin asara, kuma ina so ki lura da ita sosai domin tana da alaƙa da lokacin da Sallah ta faɗo. Kin san shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kimanin kwana 11, saboda haka Sallah tana zagaya yanayi. Babbar Sallar 2019 ta zo ne a watan Agusta, tsakiyar damina. A shekarar na dama kullin sitaci na rogo na liƙa ƙyallaye a kan kati kusan sittin, na jera su a kwali na rufe, ina ganin na gama da wuri. Da na buɗe bayan kwana shida, rabinsu sun yi funfuna, sauran sun kantare kamar ganyen da ya sha rana, kyankyasai kuma sun ci gefen wasu saboda sitacin abinci ne a wurinsu. Tun daga ranar, idan da danshi a gari, farin gam na kafintoci irin su Top Bond nake amfani da shi, ina shafa shi siriri da guntun kwali, ba na zuba shi gudaji, sannan in sa katin tsakanin takardu biyu in danne da manyan littattafai har kwana ɗaya. Idan kuwa lokacin zafi ne ko hunturu, kamar Ƙaramar Sallar 2025 da ta zo a ƙarshen Maris, ko katunan Kirsimeti da nake yi wa maƙwabtanmu Kirista a Disamba, matsalar takan juya: gam yana bushewa kafin ki daidaita abin da kike liƙawa, ƙura kuma tana manne wa duk inda ya yi naso. A irin wannan lokaci sai ki riƙa shafa wa kati ɗaya ki gama da shi kafin ki taɓa na biyu. Ƙaro da ake jiƙawa a ruwan ɗumi, wanda almajirai ke sa wa tawadar allo, yana liƙa takarda da takarda da kyau kuma ba ya cutar da yara, sai dai ba ya riƙe fata ko duwatsun ado, kuma idan ya yi kauri yakan tsattsage a hunturu.

Game da ado, kuskuren da kusan kowa yake yi a farko shi ne son kowane kati ya bambanta da ɗan'uwansa. Ki zaɓi fasali ɗaya, ko biyu idan kin matsa, ki yanka shi a kwali mai tauri ya zama ma'auninki, sannan ki bar launi ya riƙa canzawa. Wanda ya fi karɓuwa a wurina shi ne ƙubbar masallaci da hasumiya da aka yanko daga ƙyallen atamfa ko shadda, aka liƙa a kan kwali fari ko ruwan madara, da jinjirin wata a sama. Ƙyallayen ba saye nake yi ba. Telolin unguwa, musamman daga tsakiyar Sha'aban zuwa ƙarshen azumi, suna share buhu-buhu na ragowar yadi su zubar, kuma idan kika kai musu leda kika roƙa za su tara miki. Ki goge ƙyallen da dutsen guga, ki shafa masa gam kaɗan ta baya ki bar shi ya bushe kafin ki yanka, ta haka bakinsa ba zai zare ba. Akwai wani daɗi da ban yi tsammaninsa ba a wannan hanya: idan ragowar ɗinkin Sallar gidanku kika yi amfani da ita, kakar yara za ta ga atamfar da jikarta ta sa a jikin katin da aka kawo mata, kuma ta gane ta nan take.

Wadda hannunta ya faɗa da zanen lalle ba ta buƙatar ƙyalle ma, domin furannin da take zanawa a tafin hannu suna yin kyau ƙwarai a gefen kati da baƙin biro mai siririn baki. Dagin Arewa yana da wuyar zanawa sau talatin, amma idan kika sassaƙa shi sau ɗaya a jikin babbar kilinar goge fensir, ya zama hatimi, sai dangwalawa kawai. Yara ƙanana kuma a yanka musu dankalin Turawa gida biyu a fitar da tauraro, su dangwala a fentin ruwa. Na gwada rina takarda da ruwan zoɓo da na kurkum, kuma launin yana da kyau a ranar farko, amma zoɓo yakan koma toka-toka, kurkum kuma rana tana cinye shi cikin 'yan makonni. Ruwan shayi mai kauri ne kaɗai ya zauna mini, yana ba takarda launin tsohon littafi. Ki kuma yi la'akari da gidan da katin zai shiga, domin yara suna son zana rago a Babbar Sallah, amma akwai dattawan da ba sa son hoton mai rai a ɗakinsu, su sai a yi musu na ƙubba ko na fure.

Akwai abin da nake roƙon duk wadda za ta shiga wannan aiki ta kiyaye, wato kada ta rubuta ayar Alƙur'ani ko sunayen Allah a kan takardar da ta san ƙarshenta shara. Takardar suna da aka ɗaura a robar cincin, da an cinye cincin ɗin za a jefar da ita, a taka ta a tsakar gida. A kan irin waɗannan "Barka da Sallah" da sunan mai karɓa da na gidan da ya aiko sun wadatar. Addu'a mai tsawo ki bar ta ga katin da za a ajiye.

Rubutun cikin katin kuwa, a ganina, shi ne dalilin yin aikin gaba ɗaya, kuma a nan ne nake ba da lokaci mafi yawa. Saƙon waya guda ɗaya ana tura shi ga mutum ɗari, kowa ya san da haka, shi ya sa ba a ajiye shi. Idan kika rubuta "Zuwa ga Inna, daga jikokinki na Kano, Allah ya maimaita mana, ya ƙara miki lafiyar ƙafa", Inna ta san ita aka nufa ba wata ba. Ki ja layi mara ƙarfi da fensir, ki rubuta, ki jira tawada ta bushe sosai kafin ki goge layin. Ki sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, domin a katin da ake koya wa yaro rubutu da shi bai kamata a bar su ba. Ki bar yaran su sa sunayensu da hannunsu ko da rubutun ya karkace, kada ki gyara musu. Ina da gwaggo da ba ta yi boko ba amma tana karanta ajami, sai na roƙi malamin Islamiyyar yarana ya rubuta mini gaisuwar da ajami na kwafa a hankali. Shekara huɗu ke nan katin yana cikin akwatin da take ajiye kayan Hajjinta, kuma duk wanda ya je gaishe ta daga gidanmu sai ta ciro ta karanta masa.

Takardun suna ki huda su da abin huda takarda na ofis, nesa da baki da kamar santimita ɗaya don kada zare ya yaga su, ki ɗaure da zaren ulu ko siririn ƙyalle. Idan a jikin dubulan, alkaki, cincin ko soyayyen naman layya za su zauna, kada takardar ta taɓa abincin, domin mai yana ratsa kwali ya ɓata rubutu cikin awa ɗaya. Ki ɗaura ta a wuyan roba ko a bakin leda daga waje. A ranar rabon nama za ki gode wa kanki, saboda yaran da aka aika ba za su kai rabon wani gida wani gidan ba.

Ƙananan kyaututtuka kada su wuce iri biyu a shekarar farko. Jakar carbi mai zariya, daga ƙyalle mai tsawon taƙi ɗaya, ana ɗinka ta da allura da zare cikin minti ashirin, kuma idan kika sa dabino bakwai ko ɗan ƙullin turaren wuta a ciki ta zama kyauta cikakkiya. Na biyu shi ne alamar shafi ta fata. Dukawan Kasuwar Kurmi suna da guntayen jar fata da ba su isa jaka ko takalmi ba, sai ki yanka su dogaye, ki huda sama ki sa tuntu na zare, ki yanyanka ƙasan ya zama geza. Masu karatun Alƙur'ani a watan azumi suna murna da ita ƙwarai, shi ya sa nake raba wannan tun kafin a ga wata. Man kaɗanya a ƙaramar kwalba ma yana da kyau ga tsofaffi, amma lokacin zafi yana narkewa, dole murfin ya kasance mai ɗaurewa.

Kin tambaya ko ana samun kuɗi a ciki. Ana samu, amma ba daga katin da aka yi aka ajiye ana jiran mai saye ba, sai daga aikin da aka ba ki da sunaye, kamar na ɗaliban da za su yi sauka ko takardun da ake ɗaurawa a kayan rabon biki. Ki lissafa kwali da gam da ambulan da kuɗin mota, ki ƙara ladan awannin da kika zauna, ki karɓi rabin kuɗin kafin ki yanka komai, kuma ki sa a turo miki sunayen a rubuce, domin Hasana da Hassana duka ana rubutawa, kuma kowa yana son nasa yadda ya saba.

Lokacin farawa shi ne Sha'aban. A goman ƙarshe na azumi babu mai sauran ƙarfin zama da reza, ga tahajjud, ga girkin buɗa baki, ga zirga-zirgar tela. Ni nakan yi yanka da ninki a mako ɗaya, liƙi a mako na biyu, in bar rubutu kaɗai zuwa cikin azumi, kati biyar ko shida bayan sallar Asuba lokacin da gida yake shiru. Ki rubuta sunayen waɗanda za ki ba a littafi tun farko, ki fara da tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda aka yi wa rasuwa a shekarar, sannan ki ƙara kati goma da ba a rubuta suna a kansu ba, ki sa su a leda ki danne a cikin littafi, saboda ranar Sallah da washegarinta sai kin ga baƙin da ba ki lissafa da su ba.